Ruwan Bayan Katanga

Zuwa ga Auta,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ka gaisuwar da ta daɗe a bakina, da fatan takardar nan za ta same ka ƙafafunka a kan tudu, ko da na yini guda ne. Yaya teku, yaya zafin ɗakin injin jirgi? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, in ban da gwiwata ta hagu da ta fara yi min gardama a wurin sujada. Tagwayen marigayi ɗan'uwanmu sun shiga aji na gaba. Macen ta fi namijin kai, namijin ya fi ta baki. Mamansu tana gaishe ka.

Ba zan ɓoye maka ba, masana'antar sabulun da Baba ya bar mana numfashi take yi sama-sama. Baƙin mai ya yi tsadar da duk abin da sabulu ya kawo, tukunyar tururi ke shanyewa kafin ya iso hannun kowa. Mun koma kunna wuta wata rana, mu kashe wata rana. Ranar da aka kashe, ma'aikata su zo su tsaya a bakin ƙofa, su gaishe ni, su juya. Wannan juyawar tasu ita ke hana ni cin abinci. In aka ci gaba a haka, ban ga za mu kai damina ba.

Ƙungiyar masu ƙananan masana'antu ta turo mana wata injiniya, 'yar siririya mai takalmin maza. Da farko ban sake da ita ba. Ka tuna mutumin da ya sayar wa Baba ɗan akwatin nan da aka ɗaure a bututun mai, wai yana rage sha? Yana nan inda aka ɗaure shi, gizo-gizo ya hayayyafa a ciki. Amma ita wannan ba ta zo da abin sayarwa ba. Wata na'ura ta miƙo min mai kamar waya, wadda ke nuna zafi da launi. Na duba ɗakin tukunya ta cikinta, Auta, sai na ga bututan nan duk sun yi jawur, har kwanon rufi. Ta ce, “Mama, kin sayi mai don ki dafa sabulu, ga shi tantabarun kan rufi kike ɗumamawa.”

Abu uku ta ce a yi. A naɗe bututan da wata irin auduga mai ƙaiƙayi da ba ta cin wuta, a rufe da farin kwano. A toshe duk inda tururi ke tsiyaya. Na ukun ka fi ni saninsa. Tururi in ya gama dafa sabulu yakan koma ruwa mai zafi, tsaftatacce, mu kuwa sai mu sake shi ta bututun da ya huda katangar baya ya fita lungu, sannan mu cika tukunya da ruwan rijiya mai sanyi, mu sake ƙona mai. Ta ce a yi tanki, a riƙa mayar da ruwan zafin cikin tukunya.

Da ta ga ina ta jan ƙafa, sai ta kai ni wurin mai rini na bakin titi, wanda aka yi wa irin aikin bara. Na ɗora tafin hannuna a kan bututunsa, tururi na gudu a ciki, ban ƙone ba. Ka san mai rini ba ya yabon kowa, ko matarsa. Ya ce min, “Ki yi kawai.”

Sai an kashe wuta kusan mako guda. Masu waldar ƙungiya za su zo unguwarmu farkon watan jibi, su yi wa gidaje da yawa a zuwa ɗaya, shi ya sa aikin ya zo da sauƙi. In suka wuce, sai baɗi. Gidan nan na mu uku ne, ni da kai da marayu, ba zan taɓa ko ƙusa ba sai da yardarka a rubuce.

Na ukun nan ne ya tsaya min a rai. Ka san masu tsayawa a ƙarƙashin bututun. Mai wanki, da masu jego, da Iya ta ƙarshen lungu, wadda ɓarin jikin mijinta ya shanye, da ruwan take gasa shi safe da yamma. Ban san yadda zan yi da wannan ba.

Allah ya tsare ka a ruwa da tudu.

Yayarka

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai namijin tagwaye da ya yi zazzaɓi ya warke, ya tashi da cin mutum biyu.

Ban ga amsarka ba. Na san teku ba ta da gidan waya, ba kuma ƙorafi nake yi ba. Wata magana ce ta taso da ba za ta jira ba.

Na zaunar da Mai Wuta na gaya masa abin da za a yi. Ka san shi, tun zamanin Baba yake gaban tukunyar nan, a kan bututu yake shanya rigarsa, da kunne yake aiki. Ya saurare ni yana sosa gemu, ya ce, “In kuka toshe wa bututu baki, da me zan san tukunya ta ƙoshi? Ni da shshsh ɗin nan nake jin lafiyarta.” Na ce akwai agogon awo a jikinta. Ya ce agogon ya girme ni a ƙarya. Na yi dariya, na ɗauka an gama. Sai ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

“Ruwan bayan katanga kuma ba naku ba ne.”

Na ce, “Na wane ne, Baba Mai Wuta?”

“Na mai gida. Ya ce sadaka ne muddin wuta na ci a gidan nan. Ki tambayi Auta, da shi aka yi.”

Auta, tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ofis, in fito, in zaga ɗakin yanka sabulu, in dawo ban san abin da na je yi ba. Na san Mai Wuta ba ya son gyaran nan, yana da nasa dalili. Amma mai dalili ma yakan faɗi gaskiya. In Baba ya furta, to magana ce ta mamaci, ladanta na isa gare shi inda yake kwance, ni ce zan sa hannu in yanke? In kuwa bai furta ba, to shekara da shekaru ina zubar da dukiyar marayu a lungu, kai ma ka san abin da muka karanta a kan wannan. Duk inda na juya tsoro ne.

Na je wurin Malam. Bai ja zance ba. Ya ce a nemo lafazin da aka yi, daga bakin wanda ya ji.

Maman Tagwaye kuwa da ta ji, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, “Yaya, ni fa 'ya'yana tukunya suka gada, ba lada ba. In sadaka za a yi da rabonsu, a bari su girma su yi da hannunsu. Gidan in ya rufe, lungu ne zai kai su makaranta?” Na ji zafin maganar, na kuma rasa inda zan kama ta da kuskure.

Jiya da safe na zaga ta baya da ƙafata. Na daɗe ban bi ta nan a irin wannan lokaci ba. Bokitai a jere, tururi na tashi, mata na ta hirarsu, wata na tsokanar wata a kan wanda ya riga zuwa. Iya ta hango ni, ta ajiye bokiti, ta ce, “'Yar mai gida, Allah ya kai haske kabarinsa.” Ba ta san komai ba. Amin ɗin da na ce, ni kaina ban ji ta ba.

Don girman Allah ka zauna ka tuna. Me Baba ya ce a kan ruwan nan, da wane lafazi, a gaban wa? Kada ka gyara min, kada ka sassauta don ka ji tausayina. Masu walda sun aiko cewa suna nan tafe.

Yayarka

*

Yaya ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Jirgi ya tsaya shan mai, a kan gwiwa nake rubutu, wakilin kamfani na tsaye a kaina yana duba agogo. Lafiyata ƙalau, na yi baƙi na yi tumbi, in kin gan ni sai kin tambayi ɗan wane ne. Maganar gwiwa kuwa, an yi miki rangwame ki yi sallah a zaune, ke ce ba kya karɓar rangwame, ko na 'yan kasuwa.

Injiniyar nan ki riƙe ta da hannu biyu. Duk abin da ta ce haka yake. A nan jirgi wanda ya zubar da ruwan tururi, shi ake jefawa ya bi shi. Bututun bayan katanga na fi kowa saninsa, ni na yi waldarsa da hannuna. Babu komai a cikinsa sai ɓarna. A yanke. Mutanen lungu za su saba.

Ga yardata a rubuce, tunda sai da ita za ki yi barci. Amma Yaya, ke ce a wurin, ki yi abin da kika ga ya dace, ba sai kin tambaye ni ba.

Ki gaishe da Maman Tagwaye, ki ja min kunnen namijin. Mutumin nan ya fara tari, alamar in miƙa.

Ƙaninki

*

Auta,

Bayan sallama. Na gode Allah da jin lafiyarka. Mu ma muna nan ƙalau. Gwiwa tana nan yadda take, ban kuma zauna ba tukuna.

Takardarka ta zo ana gobe masu walda za su iso. Na tambaye ka lafazin Baba, na haɗa ka da Allah, ka amsa min da cewa babu komai a bututun sai ɓarna. To, na ɗauki wannan a matsayin shaidarka, tunda kai aka ce kana wurin. Layin ƙarshe kuwa, na “ba sai kin tambaye ni ba”, na karanta shi har takardar ta fara rabuwa a wurin ninki. In na dame ka da tambaya ne, ka yi haƙuri. Ba ni da wani da zan tambaya.

An yi aikin. Gaskiya tsakani da Allah, ya yi kyau. Ranar da aka sake kunna wuta, abin da ya fara ba mu mamaki shiru ne. Ashe shekarun nan duk ihu muke yi wa juna a ɗakin tukunya ba mu sani ba. Zafin ɗakin ya sauka, masu juya sabulu sun daina tuɓe riga. Mai ya fara kai mu inda a da ba ya kaiwa, yanzu kullum wuta na ci, ba wanda ke juyawa daga bakin ƙofa. Maman Tagwaye ta shigo ta shafa farin kwanon nan kamar mai duba atamfa, ta ce, “Ashe gidan yana da kyau.”

Mai Wuta ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwa sai da ka. Injiniya ta sa sabon agogo, ta zauna kusa da shi a kan buhun soda tana tambayarsa yadda yake gane tukunya da kunne, shi kuma a hankali ya fara leƙen agogon ta gefen ido. Shekaranjiya mai rini ya shigo gani, na ji Mai Wuta na ce masa, “Ai tun tuni nake gaya musu.” Ƙorafinsa ɗaya yanzu, rigarsa ba ta bushewa.

Amma na gaya masa ka ba da shaida cewa Baba bai yi waccan magana ba. Ya dube ni, ya ce, “To. Allah ya sani.” Na ƙaryata dattijo a kan maganarka, abin yana ci na.

Ban iya yanke ruwan gaba ɗaya ba. Na sa an jawo famfo daga sabon tankin zuwa cikin gida, kusa da ƙofar ofishina, da niyyar abin da aka ɗiba ya fita daga rabona. Na aika wa mutanen lungu cewa duk mai so ya shigo ya ɗiba, ba a hana kowa ba. Na ɗauka na warware.

Auta, ba sa zuwa.

Sai da na zauna na lura sannan na gane. Mai son ruwa yanzu sai ya buga ƙofa, ya gaida mai gadi, ya ratsa ta gaban masu loda kwali suna kallonsa, ya zo ya gaishe ni. Mai wanki ta zo rana ta farko, macen da duk lungu ke tsoron bakinta, ta durƙusa tana min godiya har na rasa inda zan sa idona. Washegari ba ta dawo ba. Masu jego ko sau ɗaya. Iya ta zo da hantsi, ta tsaya daga bakin ƙofa, bokitin a bayanta. Na taso da sauri na ce, “Iya, shigo mana, ga famfo nan.” Ta ce, “A'a, 'yar mai gida, gaishe ki na zo yi.” Ta tambayi gwiwata, ta tambayi tagwaye, ta tambaye ka, ta juya da bokitinta yadda ta zo da shi.

Na aika mata jarka cike. Ta karɓa, ta yi addu'a, ta ce a gaya min kada a ƙara wahala, ta samu hanya. Na bi ta lungu na ga hanyar. Yagaggun kwalaye take tsinta da ɓawon katako daga wurin kafinta, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidanta, tsohon na ciki yana tari ana ji daga waje.

Masana'anta ta tashi, ma'aikata na yi min addu'a, ni kuma na fi da rashin sukuni. Ban hana kowa ba, Allah shaida ne. To me na yi?

Ba sai ka amsa ba in ba ka da lokaci.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, ina fatan ku ma haka. Yau ba wanda ke tsaye a kaina, na kuma nemi tebur.

Wakilin kamfani ya miƙo min takardunki biyu a ɗaure tare, wadda kika tambayi lafazin Baba da wadda kika ba ni labarin aiki. Ta tambayar ta yi ta bin mu daga tasha zuwa tasha ba ta cim mana ba. Wallahi lokacin da na rubuta miki ban gan ta ba. Ta farko kaɗai na amsa, kuma makanike ne ya amsa, a tsaye, a gurguje. “Ba sai kin tambaye ni ba” kuwa, nufina na yarda da ke ido rufe. Ke da kika goya ni, yaushe tambayarki za ta dame ni?

Ga amsar, ba gyara.

Ban taɓa jin Baba ya ce sadaka ba. Ko sau ɗaya, ko a gabana ko a labari. Ki gaya wa Malam haka, babu wani lafazi da ya hau kan rabon marayu.

Amma Mai Wuta ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya gani ya sa wa suna. Lokacin kina gidan aure, ni nake yi wa Baba gyaran ƙarfe. Bututun a ƙasa yake ƙarewa, cikin kwata. Mata na zuwa suna tara ruwan da kwano, suna ƙona yatsu. Wata ranar hutu da azahar, lungu ba kowa, ya kira ni da kayan walda. Ya ce in ɗaga bututun ya kai ƙugu, in lanƙwasa bakinsa ƙasa, in zuba siminti inda bokiti zai zauna. Na ce, “Baba, ruwan nan fa da tukunya aka mayar da shi, da an rage mai.” Ya ce, “Mai walda na kira, ban kira mai shawara ba.” Da na gama ya ce, “In an tambaye ka, ka ce ƙasa ce ke cin bututun.”

Sannan ya sa na buga kwano a tagar sito, wadda ke kallon lungu. Wai rana tana ɓata sabulu. Yaya, ke ma kin san rana ba ta taɓa shiga ta tagar nan ba. Mai Wuta na tsaye yana riƙe min kwanon, muka dubi juna. Daga ranar kuma Baba bai ƙara bi ta lungu da safe ba. Ta titi yake zagawa zuwa masallaci, da nisan da komai. Ni a lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da na karanta labarin Iya da bokitinta a baya sannan na gane.

Kada ki warware aikin Injiniya, gidan yana buƙatarsa, marayu ma haka. Abin da aka ɗiba ki raba tsakanina da ke, kada ki ɗauka ke kaɗai, na san halinki. Yadda za a ɗiba kuwa, ke kika fi ni sanin mutane.

Ki ce wa Mai Wuta ina neman afuwa, zan kuma kawo masa rigar da ke bushewa da kanta.

Ƙaninki

*

Auta,

Aminci ya tabbata a gare ka. Takardarka ta zo, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kowa lafiya. Na fara sallar nafila a kan kujera, kada ka yi murna da yawa, farilla tana nan a tsaye.

Na fara da Mai Wuta. Na same shi a gaban tukunya na karanta masa abin da ka rubuta, na nemi gafararsa. Ya yi ta gyara zaman hularsa, ya ce, “Ni dai na san abin da na gani.” Na kai wa Malam amsar. Na kuma gaya wa Maman Tagwaye cewa ko ɗigo ba zai fita daga rabon 'ya'yanta ba. Ta ce, “In naku ne, ku yi wanka da shi ma.” Amma ta ce a maimaita a gaban Malam, aka maimaita.

Saura yadda za a fitar da famfon waje ba tare da an ce don wani aka yi ba. A nan na maƙale. Baba, Allah ya gafarta masa, ya iya cewa ƙasa ce ke cin bututu. Ni bakina ba zai iya ba. Na kira Injiniya na ba ta labarin duka, na ce ta nemo min dalili na gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita zafi aka koya mata aunawa. Ta yi ta gunaguni cewa duk bokitin da ya fita mai ne ya fita, na ce na sani. Ta ce ragin da muka samu zai ɗan ja baya, amma gidan zai tsaya da ƙafarsa. Muna cikin haka direban motar kaya ya shigo da baya, ya daki famfon, karo na biyu ke nan, ya fito yana rantsuwa cewa wanda ya dasa famfo a hanyar mota ba ya ƙaunarsa. Injiniya ta dube ni, ta ce, “Mama, ga dalilinki.”

An mayar da shi bayan katanga, daidai tsohon wurin, a kan simintinka. Irin famfon nan ne da sai an danna yake zuba, in an saki ya rufe kansa, don haka abin da aka ɗiba ne kawai ke fita. Ban aika wa kowa ba. Mai gadi ya tambaye ni me zai ce in an tambaya, na ce ya ce yana tare wa mota hanya, gaskiya ce. Ƙofar baya na sa an kulle. Ni ma yanzu ta titi nake zagawa, gwiwar tana faɗin albarkacin bakinta.

Kwanakin farko tankin bai motsa ba. Sannan ya fara sauka da safe, kaɗan kaɗan. Jiya ina sito ina duba sabulun da aka jera, na ji ƙarar bokiti a kan siminti ta bayan kwanon tagar. Na ji an danna, ruwa na zuba. Babu hira, mutum ɗaya ne. Akwai wani ɗan rami a jikin kwanon, inda ƙusa ta fita. Na tsaya ina kallon ramin daga inda nake har bokitin ya cika, na ji takun ƙafa ya yi nisa.

Da na fito Mai Wuta ya tare ni, fuskarsa cike da labari, don shi ta lungu yake zuwa aiki. Ya ce, “Kin san wa na gani yau?” Na ɗaga masa hannu. Ya tsaya da baki buɗe, ya dube ni, ya koma wurin tukunyarsa.

Don haka ban sani ba, Auta. Ban san ko ita ce ba, ban san ko hayaƙin ya daina ba. Ina yi wa tsohon addu'a bayan kowace sallah, ina kuma kama kaina na miƙe zan nufi ƙofar baya, in dawo in zauna. Ban san yadda Baba ya jure wannan shekara da shekaru ba, ga mu muna cewa ba shi da haƙuri.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. In ka zo, ta ƙofar gaba za ka shigo.

Yayarka